Kakin Zuma a Tafin Ilarie

Washegarin zaɓe aka tsinci Ilarie a bakin rafin da ke ƙasan Muncel, kwance rigingine, ƙeyarsa a fashe a kan dutse. Akwatin zaɓen da ya tafi da shi kuwa, babu shi babu alamarsa.

Ranar Lahadi aka zaɓi mutanen da za su wakilci Romaniya a Majalisar Turai. A ƙauyen Bradoaia ba wanda ya san fuskar ɗan takara ko ɗaya, alamu aka sani: masu Ƙararrawa, jam'iyyar magajin gari, da masu Gada. Amma kowa ya fito, don babu gidan da ba shi da ɗa ko 'ya a gonakin Sifaniya ko mayankan Jamus. Tsofaffin da ba sa iya saukowa daga Muncel, gidaje ukun nan na kan tudu, su kai musu ƙaramin akwati ake yi har gado, kuma mutum biyu ke rakiyarsa, kowa daga jam'iyyarsa. Bana Ilarie ya tafi a madadin Ƙararrawa, Gavrila a madadin Gada. Mutane sun ji su suna zage-zage tun kafin su bar gari. Da yamma Gavrila ya dawo shi kaɗai, a jiƙe, yana warin tsuika, barasar da ake dafawa a gida, ya ce sun rabu a hanya.

Pintilie, ɗansandan ƙauyen, da ƙafarsa ya zo gidan Onisim mai gadin daji, yayan Gavrila.

"Na kulle ƙanenka a makaranta," ya ce. "Ba don na tabbatar ba. 'Ya'yan Ilarie na zaune a ƙofa da gatura. Ruwan jiya ya zaftaro ƙasa ya toshe hanya, masu bincike ba za su iso ba sai an share. Ni kaɗai ne, Onisim, kuma ƙofar makarantar nan ka san ta."

Onisim ya san ta. Kafaɗa ɗaya ta ishe ta.

Suna wucewa ta gidan mamacin suka ji muryar matarsa Floarea. Ba mutuwar kanta take yi wa kuka ba, yadda ta zo take yi wa. "Ya tafi ba haske," take ta maimaitawa. "Ba wanda ya sa masa kyandir a hannu. Ya tafi cikin duhu kamar kare." Matan da ke tsakar gidan duk sun sunkuyar da kai. A Bradoaia ba a yi wa ko maƙiyi fatan ya cika ba kyandir a tafinsa, don an ce haka zai yi ta lalube a can, ba ya ganin hanya.

*

A bakin rafi Onisim ya sa Pintilie ya tsaya a kan dutse kada ya motsa. Shi kuma ya yi ta kewaya gawar daga nesa, a sunkuye, yana matsowa sannu a hankali, yadda yake yi idan beyar ta kashe tunkiya.

"Ga sawun beyar can," Pintilie ya nuna, muryarsa ɗauke da fata. "Wataƙila ita ta ture shi."

"Ta zo, amma daga baya. Ta tsaya nan, ta shinshina, ta kauce. Beyar ba ta ɗaukar akwati."

Ruwan jiya ya wanke duk abin da aka taka kafin shi. Abin da aka taka bayansa kuwa yana nan a laka kamar an zana. Mutum biyu sun sauko daga tudu, ɗaya a gaba, ɗaya yana biye da sauri. Takalman roba ne dogaye, irin waɗanda kanti ɗaya ke sayar wa gari duka, har girmansu kusan ɗaya. A bakin ruwa sawun ya cakuɗe, dunduniyoyi sun nutse, kamar mutum biyu suna jan abu ɗaya. Sai wani dogon sawun santsi a kan gansakukar dutse.

Abin da ya biyo baya shi ya tsayar da Onisim. Mutum na biyun ya ruga sama da gudu, tsinin ƙafa kawai ke taɓa ƙasa. Wannan ba abin mamaki ba ne, wanda ya yi kisa gudu yake yi. Amma kuma ga shi ya dawo, da gudun ma, har ya faɗi sau ɗaya ya dafa da hannu. Kusa da kafaɗar Ilarie akwai gurbin gwiwoyi biyu, masu zurfi, na wanda ya daɗe a durƙushe.

"Ya dawo ɗaukar akwati," Pintilie ya ce.

"Akwati ba ya sa mutum durƙuso haka."

Onisim ya ɗaga hannun daman mamacin ya buɗe yatsun da ƙyar. A tsakiyar tafin akwai ɗigon kakin zuma, ya daskare, da ɗan guntun zare baƙi a ƙone. Ya murza zaren tsakanin yatsunsa. Ba lagwanin kyandirin coci ba ne. Zaren rama ne, murjin hannu.

Ya naɗe shi a ganye ya sa a aljihu. Ya bi sawun sama har inda hanya ta rabu uku zuwa gidajen Muncel. A nan garken tumaki ya bi da safe ya tattake komai.

*

Gavrila na zaune a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Labulayen rumfar zaɓe na nan ba a kwance ba. Ta taga ana ganin manyan 'ya'yan Ilarie biyu, ɗaya yana goga bakin gatari da babban yatsa.

"Bade," Gavrila ya ce wa yayansa, yadda ake kiran wa a yankin, "ka zo da taba?"

"Na zo da tambaya. A ina ka bar shi?"

"A gindin giciyen dutse, tun hadari bai fashe ba. Cewa ya yi wai mu masu Gada karnukan Jamusawa ne, wai na je na wanke musu hanjin alade na dawo ina koya wa mutane siyasa. Na ga in na ƙara taku ɗaya da shi zan mare shi. Sai na karkata wajen garken Nichifor."

"Ka bar akwati a hannun mutum ɗaya."

"Na bari."

"Ai don kada a bar shi a hannun mutum ɗaya aka tura ka, jaki."

Gavrila ya ce, "Na zage shi, bade, har uwarsa na zaga. Amma ban taɓa shi ba. Ka tambayi Nichifor."

Onisim ya dubi gwiwoyin wandon ƙanensa. Akwai laka, amma a ranar ruwa wa ba shi da laka? Yana fita babban ɗan Ilarie ya miƙe ya tare shi.

"Kai za ka bi sawu, ƙanenka ne mai sawun. Sannu da adalci. Muna jira har rana ta karkata, Onisim. Daga nan mu ma mun iya bin sawu, kuma namu gajere ne."

*

Nichifor makiyayi na tsaye a kan tukunyar madara yana juyawa. Bai ɗago ba.

"Gavrila? Ban gan shi ba."

"Ya ce a nan ya fake wa ruwa."

"Shi ya ce."

Onisim ya sunkuya a ƙarƙashin bencin bukkar ya ɗauko guntun taba mai rubutun Jamusanci, ya ajiye a bakin murhu. Nichifor ya dube shi kamar kunama.

"To, ya zo. Ya sha kofi biyu, ko uku, ya yi ta zagin gwamnati. Yaushe ya tafi, ban sani ba, ina wajen tatsa. Kuma ka ji ni da kyau, ba zan faɗi wannan a gaban kowa ba. Makiyayar da tumakina ke ci, hannun magajin gari take, Ilarie kuma surukinsa ne. Ka ga na yi kama da mai son kiwo a kan kwalta?"

"An ce kai ma kun yi da Ilarie a kan makiyayar nan bara."

"Wa bai yi da Ilarie ba? In masu jin haushinsa za ka tara, makaranta ba za ta ɗauke mu ba, sai coci."

Onisim ya leƙa cikin bukkar. Fitilar kananzir ce a rataye, babu kyandir ko ɗaya. Kuma daga nan zuwa rafi ba tafiyar da mutum zai yi da gudu ya dawo ya tarar da mai rai ba ce. Ya karɓi gutsuren cuku da aka miƙo masa don a rabu lafiya, ya juya ya fuskanci Muncel. Ƙafafunsa ba su so hawan ba.

*

Onisim ya san abin da zaren rama ke nufi. Tsofaffin yankin, idan suka ji lokaci ya matso, sukan sa a auna tsawonsu da zare daga tsakar ka zuwa dunduniya, a tsoma shi a kakin zuma, a naɗe shi kamar faifai. Toyag ake kiransa. Yana kwance a akwatin kaya tare da tufafin binnewa, sai ranar mutuwa a ɗora shi a ƙirjin mai shi a kunna, ya haska masa hanya gwargwadon tsawonsa. Ba a taɓa shi kafin ranar. Ba a aro, ba a yanka.

A gida na farko tsoho Macovei ya ce Ilarie ya zo shi kaɗai, ya karɓi ƙuri'a ya wuce. A na biyu tsohuwa Domnica ba ta ji tambayar ba sam, ta ba shi goro na daji ta sa masa albarka. Gida na uku na Simion ne, mutumin da ya riƙe wa Onisim da matarsa kyandir ranar aurensu, ya kuma tsaya wa 'ya'yansu biyu a baftisma. Tun daga ranar Onisim bai ƙara kiran sunansa ba, sai nashu, wato uban aure, kuma bai taɓa shiga gidan da hula a kansa ba.

Simion na faskare a tsakar gida. Ya ajiye gatari.

"Ka hau da nisa. Shigo, akwai tuwon masara."

Uwarsa Saveta na zaune a bakin gado, idanunta farare, hannuwanta a kan cinya. Da jin takunsa ta gane shi.

"Onisim ne. Har yanzu ƙafar hagu kake ja."

"Ni ne, lele," ya ce, yadda ake kiran dattijuwa. "Ilarie ya zo nan jiya?"

"Ya zo, Allah ya ji ƙansa. A nan ya fake wa ruwa, ya ci ya sha. Yaron kirki, shi ya riƙe mini hannu na buga hatimi. Na ce masa a kan Gada nake so. Rediyo ya ce su ne ke son a bar hanya a buɗe. Anuta tawa tana Sifaniya tana tsinkar 'ya'yan itacen mutane, ina so ranar da zan tafi ta samu hanya ta zo ta rufe mini ido. Ya ɗora hannuna ya ce, ga gadarki nan, lele, danna."

"Nashu yana ɗakin lokacin?"

"Yana tsaye a bayansa. Ko ba haka ba, Simion?"

"Haka ne, inna."

Simion na kallon bango. Onisim kuma na kallon akwatin kayan da ke ƙarƙashin taga. Ƙurar da ke kan murfinsa an share ta da tafin hannu a wuri ɗaya. A kan tebur akwai wuƙar yanka burodi, bakinta na ɗan ƙyalli kamar an shafa mata mai.

Onisim ya ci loma biyu don kada tsohuwar ta ji wani abu. Da suka fito tsakar gida, ya daɗe yana juya hularsa.

"Nashu, za su fasa ƙofar makaranta kafin rana ta faɗi."

Ya ƙara da cewa:

"Zan roƙi tsofaffin nan uku su sauka gari, kowa da toyag ɗinsa. Ba ni da keken doki."

Simion ya dubi hannuwansa, ya dubi ƙofar ɗakin uwarsa.

"Ni zan ɗaura doki," ya ce.

*

Ajin ya cika har tagogi. Pintilie ya tsaya a gaban Gavrila. 'Ya'yan Ilarie sun shigo da gaturansu, ba wanda ya iya hana su. Floarea na zaune cikin baƙaƙen kaya, Nichifor ya raɓe a bakin ƙofa inda zai fi saurin fita. Simion ya shigo ɗauke da uwarsa a hannu kamar yarinya, ya zaunar da ita kusa da murhu.

Onisim ya buɗe ganyen ya ajiye a kan teburin malami.

"Wannan a tafin Ilarie na same shi. Wanda suka yi kokawa da shi a rafi ya ruga sama, ya dawo, ya durƙusa a gefensa. Kyandir ya je nema. Bai samu na coci ba, sai ya yanko daga toyag."

Wata mata ta yi alamar giciye. Floarea ta ɗago kai a hankali.

"Gavrila ba shi da tsoho a Muncel, ba shi da mabuɗin akwatin kowa. Gidaje uku ne kawai mutum zai kai da gudu ya dawo ya tarar da mai rai. Ga toyag uku. A auna."

Mata suka ɗumama su a jikin murhu don kada kakin ya karye, suka warware na farko. Macovei ya jingina da bango yana gunaguni.

"Ina raye ake gwada mini kayan tafiya. Ku yi sauri kada Mai kira ya ɗauka na shirya."

Ba wanda ya yi dariya. Zaren ya sauka daga kansa har ƙasa, ya yi saura, don tsufa ya rage masa tsawo tun bayan awon. Na Domnica ma ya yi saura.

Aka zo kan Saveta. Simion da kansa ya tayar da ita ya riƙe ta. Matar da ke awon ta ɗora bakin zaren a tsakar kanta, ta bi da shi ta kafaɗa, ta ƙugu, ta gwiwa. A tsakiyar ƙwauri ya ƙare. Bakinsa a yanke yake, sabon yanka, fari tas.

Ajin ya yi tsit har ana jin itace na ƙara a murhu.

"Me ya faru?" Saveta ta tambaya. "Me ya sa kuka yi shiru?" Ta miƙa hannu ta laluba zaren har ƙarshensa, ta shafa wurin yankan da yatsa. Ba ta ƙara tambaya ba.

"A kan Ƙararrawa ya danna miki hannu, inna," Simion ya ce. Ba da jama'a yake magana ba. "Ina tsaye ina gani. Ban so in yi magana a gabanki ki ji an mayar da ke abin wasa a ɗakinki ba. Da ruwa ya tsaya na bi shi, na ce ya buɗe ya ciro takardarki. Ya yi dariya. Ya ce makauniya ce, ina ta sani. Na kama akwatin, ya ja, na ja, na saki. Na saki da gangan. Ban san dutsen na bayansa ba, amma na saki da gangan. Akwatin na cikin tarin ingiricina, ban buɗe ba."

Babban ɗan Ilarie ya yunƙuro. Floarea ta riƙe masa hannun riga, ba ta ko dube shi ba. Ta tashi ta tako har gaban Simion.

"Da ka dawo, yana da rai?"

"Yana da rai."

"Ka kunna?"

"Ashana biyu sun mutu, ta uku ta kama. Yatsunsa ba sa riƙewa, sai na riƙe masa da nawa. Yana kallon wutar har ya cika."

Floarea ta juya ga 'ya'yanta.

"Ku ajiye waɗannan. Ubanku ya ga hanya. Wannan kuma hukuma ta ji da shi, ba zan ce na yafe ba."

Gaturan suka sauka ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Pintilie ya matsa daga gaban Gavrila ya dafa kafaɗar Simion. Gavrila ya miƙe, ya zo kusa da yayansa zai yi magana, Onisim ya girgiza masa kai. Daga kwari ana jin ƙugin motar da ke share hanya, tana matsowa.

Da za a fita da Simion, ya tsaya a gaban Onisim.

"Itacen da na faskara zai kai inna har lokacin kaka. Ba ta shan madara da sanyi."

"Na ji, nashu."

Onisim ya durƙusa a gaban tsohuwar. Tana zaune ta tara zaren a cinyarta, tana naɗe shi da kanta, zagaye bayan zagaye.

"Lele, gidana za ki koma har Anuta ta zo. Matata za ta samo kaki, a yi miki wani sabo, cikakke."

Saveta ta gama naɗin, ta danne yankakken bakin da babban yatsa ya manne.

"Kada a yi mini wani," ta ce. "Ku ba ni 'yan kwanaki kawai. Kullum raguwa nake, zan yi daidai da wannan."